Muna Me?

Shekarun baya, ina ɗan shekara goma sha shida, na tafka wata ɓarna a gidanmu na unguwar New Bell wadda har yau in dangi suka taru sai an tono ta. Jiya wani a nan ya tambaye ni waƙar da na fi so a duniya, na ce masa amsar ta fi ƙarfin layi ɗaya. To ga ta nan, ku gyara zama.

A Duwala ta ƙasar Kamaru aka yanke cibiyata. Mahaifiyata ma haka, kakanninta ne suka zo fataucin goro suka zauna. Mahaifina kuwa zuwa ya yi. Daga Haɗeja ya taso yana saurayi, ya kama sayar da atamfa a kasuwar Mboppi, ya yi aure, ya haife mu, bai sake taka gida ba. Ba faɗa aka yi ba. Kullum dai da dalili: bana kasuwa, baɗi damina, wata shekarar hanya ba kyau. A haka shekara goma sha takwas ta wuce.

Duk wanda ya tashi a New Bell ya san ba ka neman kiɗa, shi ke neman ka. Kana tafiya makaranta da safe mai gyaran rediyo ya saki nasa, mai tasi ya wuce da nasa, mashayar bakin titi ana wanke kujeru da nata. Ka fito masallaci da la'asar, kafin ka sa takalmi a ƙafa ta biyu jita ta riga ta same ka. Akwai kiɗan Zayar, akwai bikutsi na mutanen Yawunde, akwai waƙoƙin Indiya da 'yan matan layinmu suka haddace, amma ni makosa ce tawa. Wannan babbar jitar mai kaurin murya da ke tafiya a ƙarƙashin waƙa, a ƙirjina nake jin ta, kuma har gobe in na ji ta sai tafiyata ta canza.

Kuma ba yabon kai ba, a layinmu in ana maganar kaset ni ake nema. Na san lokacin da mai gabatarwa a rediyo zai yi shiru ya bar waƙa ta shiga, a nan nake danna ɗauka. Na iya mayar da zare da biro. In zare ya tsinke in haɗa shi da jan farce, ka saurara ba za ka gane wurin ba. Waƙoƙin duk da Duwalanci suke, ni kuma Duwalancina bai wuce gaisuwa ba, amma ina rera su daga farko har ƙarshe, ido rufe, hannu a ƙirji, ba ko kunya.

Mahaifina bai ɗauki abin da wasa ba. A wurinsa akwai kukuma da kalangu da yake sakawa ƙasa-ƙasa ranar Lahadi yana kaɗa babban yatsan ƙafa, wannan in ka tambaye shi ba kiɗa ba ne, tarihi ne. Duk sauran kiɗan mashaya ne. Wata rana wani maƙwabcinsa na kasuwa ya gan ni a unguwar Deïdo, a ƙofar shagon mai kaset, ina tiƙar rawa da rigar makaranta. Kafin in iso gida labarin ya riga ni.

Ni ne ɗan fari, don haka mahaifina ba ya kiran sunana. Ya zaunar da ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, “Kai wannan, Baffanka ya daɗe yana cewa in turo ka ya riƙe ka, ina ta kare ka. To in na ƙara jin kiɗan nan, ko a kaset ko a bakinka, wallahi sai ka je Haɗeja.” Ya kwashe kaset-kaset ɗina goma sha ɗaya ya tafi da su kasuwa, ban sake ganin su ba.

Mahaifina ba ya rantsuwa a banza, kowa ya san haka. Ni kuwa Haɗeja a wurina ƙarshen duniya ce. In bar makarantata, in bar abokaina da filin ƙwallonmu, in je inda ban san kowa ba, a riƙa yi wa Hausata dariya ana ce mini ɗan Kamaru, a hannun Baffan da ko a murya ban taɓa jin ya yi dariya ba. Sai na shiga taitayina. Ƙaramar rediyon aljihu kaɗai ta rage mini, ita ma a cikin tsohon takalmin ƙwallo take kwana.

Yanzu sai in gaya wa 'yan zamanin waya yadda muke gaisawa da gida a lokacin. Kakata, mahaifiyar mahaifina, ba ta karatu, don haka wasiƙarmu kaset ce. Sau biyu ko uku a shekara, in wani ɗan kasuwa zai tafi Najeriya, mahaifina zai fito da rikodarsa, ya shimfiɗa tabarma, ya sa sabon kaset. Shi zai fara, ya gaida Inna, ya gaida Yaya, ya bi dangi gida-gida. Sai mahaifiyata, sai mu yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce yana gaida Kaka, yana karatu, ya gode. Kullum kuma da kalma ɗaya mahaifina yake rufewa: “Inna, ki ƙara haƙuri, muna nan tafe in sha Allahu.” Fuska ɗaya kawai muke cikawa. Ta biyun ba a taɓa ta, tasu ce, a kanta za su ɗauki amsa su dawo mana da kaset ɗin. A haɗa da turmin atamfa a ba mai tafiya.

Wata Asabar aka yi irin wannan ɗauka da safe. Mahaifina ya bar kaset ɗin a cikin rikoda ya tafi kasuwa, don mai tafiyar sai Litinin zai tashi. Bayan azahar mahaifiyata ta tafi barka da ƙannena, gida ya zama nawa. Na zaro 'yar rediyota. Ina kunnawa na ji mai gabatarwa ya ce ga waƙar nan tafe, waƙar da na yi wata uku ina farauta. Wata mace ce ke rera ta, a hankali take farawa, in ta zo amshi sai ta ja kalma ɗaya: muna, muna. Mu yaran Hausawa har wasa muke da ita, in an ce muna, sai mu ce muna cin tuwo, muna shan ruwa.

Ba ni da kaset ko ɗaya. Na dubi rikodar mahaifina, rikodar ta dube ni. Na ce ai fuska ta biyu a banza take, in ɗauka yanzu, gobe in kai wa abokina mai rikoda mai baki biyu ya kwafe mini, in goge, Litinin ta yi ba wanda ya sani. Dabara ce mai kyau, har yau ban ga aibunta ba in ban da abin da ya biyo baya. Na juya kaset, na kara rediyon a bakin rikoda, na danna. Rikodar nan duk abin da ke ɗakin take ɗauka, na sani sarai, na kuma yi niyyar yin shiru. Amma da aka zo amshi bakina ya ƙi. Na bi matar nan har ƙarshe, har da tafi.

Ina cikin mayar da zare na ji sallamar mahaifina a ƙofar gida, shi da ba ya dawowa sai magariba. Na cusa rediyo a wando na koma gefe. Ya shigo da sauri, ya ce mai tafiyar ya samu mota yau, yana jira a bakin titi. Ya zare kaset, ya sa a ambulan, ya lashi bakin ya manne, ya ɗauki atamfa ya fita. Ina tsaye ina kallo aka tafi da ni Haɗeja a cikin ambulan.

Da mahaifiyata ta dawo na ja ta madafa na gaya mata. Ta ajiye ludayi ta ce, “Mon Dieu! Kaset ɗin Inna? Da muryarka a ciki?” Na ce da muryata. Ta ce, “Har da tafi?” Na ce har da tafi. Ta juya baya, kafaɗunta suna rawa, na ɗauka kuka take, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta. Da ta gama ta share ido ta ce ita ba za ta faɗa ba, amma in amsa ta zo ba ta da abin da za ta iya yi mini, rantsuwa ce.

Wata biyu na yi ina addu'a. Na roƙi Allah ruwa ya jiƙa kaset ɗin, na roƙa zaren ya harɗe, na roƙa mai tafiyar ya manta shi a mota. Ban rasa jam'in asuba ko sau ɗaya ba, har mahaifina ya gaya wa mahaifiyata yaron nan ya fara hankali.

Amsa ta zo wata Juma'a. Bayan an sauko masallaci aka ci abinci, aka shimfiɗa tabarma a baranda, ana ɗan yayyafi. Mahaifina ya buɗe ambulan, ya juya kaset ɗin a hannunsa ya ce, “Wannan ai ba nawa ba ne. Nawa baƙi ne.” Mahaifiyata ta dubi ƙasa.

Baffana ne ya fara. Ya yi gaisuwa doguwa, ya ba da labarin gona da wanda ya rasu da wanda ya haihu. Sai ya yi gyaran murya ya ce, “Sai magana ta biyu. Mun tara jama'a a zaure, har da liman, mun ji saƙonku. Na juya kaset zan ɗauki amsa, na ce bari in gwada tukuna. Sai ga ganga, sai ga mace, sai ga ɗanka yana bin ta yana tafi. A gaban liman! Na daɗe ina gaya maka garin nan zai cinye yaran nan. Ka turo mini shi kafin azumi, na gama magana.”

Mahaifina ya danna rikoda ta tsaya. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ƙannena suka ja jiki daga kusa da ni. Mahaifiyata ce ta ce a hankali, “Malam, ai ba mu ji Inna ba tukuna.” Ya sake dannawa.

Muryar Kakata siririya ce, tana ɗan rawa, amma ba ta ɓata kalma. Ta gaida kowa, ta yi godiyar atamfa. Sai ta ce, “Ina maigidana, mai waƙa?” Haka take kirana, irin wasan kaka da jika. “Ashe kana da murya haka? Shekara da shekaru in ka gaishe ni sai ka ce an tsare ka da bulala. Yau na ji ka da gaske. Baffanka ya so ya goge, na ce ba mai taɓa mini kaset, ya je ya nemo wani. Ga shi nan a ƙarƙashin matashina, kullum sai na sa an kunna mini.”

Ta yi tari, ta ci gaba. “Amma ina da tambaya. Matar nan na ji tana Hausa a tsakiya. Tana ta cewa muna, muna, ina ta kasa kunne in ji muna me. Muna tafe ne, muna zaune ne? Ba ta ƙarasa ba. Na ce lalle wannan 'yar gidanku ce, don ni ma shekara goma sha takwas ke nan ana ce mini muna nan tafe.” Aka ji mata suna dariya a bayanta. Ita ba ta yi ba. Ta ce, “Sai dai muryarta ba ta mai wasa ba ce, ta mai kuka ce. Ku tambayo mini abin da ke damunta, ku gaya mini a kaset na gaba.”

Kaset ya ƙare, rikoda ta yi ƙas. Mahaifina ya juyo ya ce, “Me take cewa?” Na ce ban sani ba. Ya ce, “Ba ka sani ba? Kana tafi a kan abin da ba ka sani ba?” Gaskiyarsa ce. Amma umarnin Inna umarni ne, sai ya aiki ƙanwata ta kira maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar asalin Duwala da ke gasa kifi a bakin layi. Mama muke ce mata. Ta shekara talatin cikin Hausawa, tana jin Hausa, tana mayarwa da tata irin, rabi Faransanci.

Ta shigo tana goge hannu da zane ta ce, “Alaji, lafiya?” Duk Bahaushe mai babbar riga Alaji ne a wurinta. Aka yi mata bayani, ta ce to a sa waƙar. Sai a lokacin kowa ya tuna kaset ɗin yana Haɗeja ƙarƙashin matashi. Mahaifina ya shafa gemu, ya dubi rufin kwano. Sannan mutumin da ya rantse a kan kada ya ƙara jin waƙar nan a bakina ya ce, “Kai wannan, rera mata.”

Jama'a, na sha rera waƙa a duniya, ban taɓa yin mai wuyar wannan ba. Na rufe ido na fara. Mama ta fashe da dariya tun layin farko, ta ce na mayar da kalmar jirgi ta koma wani abu da ba a faɗa a gaban manya. Ta gyara mini, na ci gaba. Da na kai amshi sai na ga ta daina dariya, ta kama bin waƙar a hankali, ta fi ni sanin ta nesa ba kusa ba.

Ta ce, “Alaji, muna ɗin nan ba Hausa ba ne. A bakinmu, muna c'est l'enfant, ɗa ke nan. Uwa ce take kiran ɗanta. Ya shiga jirgin ruwa ya tafi neman arziki. Yana aiko saƙo, yana aiko zane, shi dai bai zo ba. Tana ce masa, ɗana, zanen ya isa haka, akwati ya cika. Idona ya fara tafiya, ka zo in gan ka tun ina gani.” Ta dubi fuskar mahaifina, ta dubi rikodar, sai ta gane inda maganarta ta sauka. Ta ce, “Ashiya, Alaji,” wato sannu, ta fita ba ta jira godiya ba.

Mahaifina ya tashi ya shiga ɗaki. Ranar bai koma kasuwa ba. Kwana uku bai ce mini ci kanka ba, ni kuma ina ta bin layinmu da kallo ina yi wa komai ban kwana a zuci, har da kwatar da nake tsallakewa kullum. Rana ta huɗu ya kira ni ya ce, “Da an ba ku hutu ka haɗa kayanka. Na rantse za ka je Haɗeja, kuma za ka je.” Na ce to, hawaye na zuba. Ya ce, “Ni zan kai ka.” Sannan ya ƙara, “Rantsuwa na yi za ka je. Ban rantse ba za ka dawo ba.”

Muka bi jirgin ƙasa har Ngaundere, muka hau mota zuwa Garwa, muka tsallaka zuwa Yola, kwana da kwanaki. Da muka isa muka tarar idon Kakata saura kaɗan, abin da ba wanda ya taɓa faɗa mana a kaset. Mahaifina ya yi sallama a ƙofar ɗakinta, ta ce, “Wa ya kunna rikoda?” Ya ce, “Inna, ba rikoda ba ce.” Ya durƙusa, ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta jawo ta kusa da idonta sosai, tana shafa furfurar da ba ta san ya yi ba. Ranar na fara ganin mahaifina yana kuka, kuma bai ɓoye ba.

Wata guda muka yi. An yi wa Hausata dariya kamar yadda na zata, na kuwa rama da Faransanci. Kusan kullum sai Kaka ta sa na rera mata, Baffana yana jin an fara sai ya ɗauki buta ya fita. Da ya tayar da maganar a bar ni, ta ce, “A mayar mini da maigidana inda ya koyo waƙar da ta kawo mini ɗana.” Magana ta mutu a nan. Damina ta gaba Allah ya yi mata rasuwa. Baffana da kansa ya aiko mana da baƙin kaset ɗin, fuska ta biyu ta sha juyi har muryata ta dusashe.

Kada ku ɗauka mahaifina ya koma son makosa. Har ya bar duniya kiɗan mashaya yake ce mata. Amma wata Lahadi na shigo na same shi da baƙin kaset a rikoda, ƙasa-ƙasa, ba ya ko kaɗa yatsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina murmushi. Bai dube ni ba ya ce, “Wannan ba kiɗa ba ne.” Na ce, “Na sani, Baba. Tarihi ne.”

Ban taɓa nadamar danna rikodar nan ba, ko sau ɗaya, kuma in aka mayar da ni ranar zan sake dannawa, har da tafin. Abin da kawai nake jin kunyarsa shi ne na rera kukan wata uwa wata uku ina rawa, tsohuwar da ba ta jin kalma ɗaya ta yaren ta ji shi a sauraro ɗaya. Shi ya sa yau in na ga 'yata da abin sauraro a kunne tana bin waƙar da ni ban gane kanta ba, ba na ƙwacewa. Zama nake in ce ta gaya mini me ake cewa. Yawanci ita ma ba ta sani ba, sai mu nema tare.

Ina kewar zamanin nan ƙwarai, ƙarar zare in yana juyawa, da jiran mai gabatarwa ya rufe baki. Yanzu waƙar tana cikin wayata, in na so sau ɗari zan ji, amma ba na yawan kunna ta, don na san abin da take sa ni. Makon jiya ta kama ni ba shiri, daga wata tasi, ina tsaye a cunkoson mahaɗar Ndogbong inda nake zaune yanzu. Na lissafa, sati biyar rabona da New Bell inda mahaifiyata take har yanzu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Na kira mahaifiyata na ce, “Umma, ki yi haƙuri, aiki ne ya yi yawa, muna nan tafe da yara.”

Ta ce, “Muna me?”

Ban ƙarasa gida ba, a mahaɗar na juya mota.